Zan buga wa ɗakin Inna kwano da hannuna, ku ba ni shawara kafin ruwa ya sauka

Autan Inna (Gadarif):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Tun da yaƙin nan na Sudan ya shiga garin Madani a Disambar 2023 ƙanwar Innarmu ta taho mana da 'ya'yanta biyar. Muka bar musu guttiyoyin gidan, wato ɗakunan jinka, guda biyu, Inna ta koma wani ɗakin jan bulo da marigayi Baba ya ɗaga bai kai ga rufewa ba. Da zana da tamfol muka lallaɓa shi. Daminar bara na ga abin da ba na so in sake gani: tsohuwa cikin dare tana jan angarib, gadonta na igiya, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta jera kwanonin abinci a ƙasa suna tarar ruwa.

Yanzu yayana da ke Jidda ya turo ɗan abin da ya samu ta manhajar banki ta Bankak. Na zaga kasuwa na yi lissafi. Kuɗin zai sayi zinki, wato kwanon rufi, da ƙarfe ko katako, amma in na cire ladan usta, wato gwanin da zai buga, sai kaya su gaza. Ɗakin mita 4 ne a kan 4 ta ciki. Ni ba kafinta ba ne, raksha (babur mai ƙafa uku) nake ja, amma ina riƙe guduma. Zan iya bugawa da kaina ko kuwa wauta zan tafka?

Mai Walda (Kasala):
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kai tsaye zan ce maka kada ka yi. Ladan ustan da kake gudu shi ne mafi araha a cikin aikin. Kowace damina sai an kawo mana rufin da iska ta naɗe kamar tabarma, in ka tambaya sai a ce mai gida ne ya buga da kansa. Araha ba ta ado.

Baba Kafinta (Maiurno):
Mai Walda, kai dai kana kare sana'a ne, ba laifi. Ɗana, saurara. Ɗaki ɗaya mai gangare ɗaya ba masallacin Juma'a ba ne. Za ka iya. Na fi shekara talatin ina hawa rufi, kuma abin da na gani shi ne, ba buga kwano ke kayar da mutane ba. Buga kwano ko yaro ya kalla sau biyu zai yi. Abin da ke ƙarƙashinsa ne. Mutum sai ya zuba duk kuɗinsa a kan kwano mai sheƙi don maƙwabta su gani, ya ɗora shi a kan sanduna huɗu da ba a ɗaure su da bango ba. Iska kuwa ba danna rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama, ta kuma shiga ta taga ko ta ƙofa ta tura shi daga ciki. Ka ga rufi ya tashi ɗungurum da katakonsa, ko kusa ɗaya ba ta cire ba, ya sauka a gidan wani.

Kafin in ci gaba, faɗa mini: bangon ya kai ƙarshe ko da saura? Kuma da siminti aka ɗora bulon ko da laka?

Autan Inna (Gadarif):
Ranka ya daɗe Baba, na gode. Da laka aka ɗora. Duk bangon huɗu tsayinsu ɗaya, kamar mita 3 ba kaɗan.

Baba Kafinta (Maiurno):
To alhamdu lillahi da ka tambaya tun yanzu. Bango huɗu kai ɗaya ba ya karɓar kwano. Dole ka ƙara wa bango ɗaya tsayi, na gefe biyu su gangaro. A faɗin mita 4 kada bambancin ya gaza rabin mita, in ka samu santimita 70 ya fi. Na san a nan ƙasar an saba da rufi kusan a kwance, a ɗan karkata shi kamar tafin hannu a ce ya isa. A Hartum ko arewa inda ruwa bai taka kara ya karya ba wataƙila a sha. Ban da Gadarif, ban da mu nan Sinnar, ban da Damazin. In gangaren ya yi kaɗan ruwa yakan tsaya a kwarin kwanon, iska ta koro shi baya ya shiga ta mahaɗa.

Sannan ɗauri. Tunda ƙarin bulo za ka yi, ka sauko layi huɗu ko biyar daga sama, ka huda bangon, ka zura rodi siriri mai milimita 6 ko waya mai kauri ka ninka ta biyu, ka fito da ita ta rungume abin da kwano zai zauna a kai, ka murɗe tam. Kowane kan sanda sai an yi masa haka, duka ɓangarorin biyu. Nauyin bulon da ke sama da ramin shi ke riƙe rufin. Waya kilo biyu ba ta kai kuɗin kwano ɗaya ba, amma ita ce rufin.

Mai Walda (Kasala):
A nan na yarda da Baba ɗari bisa ɗari. Amma tunda kun nace, ni a yi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda muke cewa masura mai santimita 4 a 8. Tsawonsa mita 6, a yanka daidai ɗaki. Gara ba ta cinsa, ba ya lanƙwashewa. Katakon da ake sayarwa yanzu ɗanye ne, ka buga shi yau, bayan wata uku ya murɗe kamar igiya ya tuge kusoshin.

Baba Kafinta (Maiurno):
Ƙarfe ya fi, ban musa ba. Sai dai ƙarfe yana son injin huda da sukuru mai cin ƙarfe, ga wuta yau akwai gobe babu. Katako kuwa guduma da kusa kawai. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya ɗauki ƙarfe. Wanda bai yi ba ya nemi katako busasshe, ya shafe shi da baƙin mai na injin mota ya shanya kwana biyu. Kakanninmu da azara suka yi rufi tun zamanin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka bakin kogin nan, wasu ɗakunan har yau suna tsaye.

Ɗalibin Injiniya (Bur Sudan):
Barka da war haka iyayena. Bari in sa baki a lissafi, don kada a sayo ya gaza ko ya yi yawa. Kada ka yi lissafi da faɗin kwano yadda yake a shago, ka yi da abin da zai rufe bayan an haɗa. Mai tudu da kwari ƙanana ana ɗora tudu ɗaya da rabi a kan na kusa da shi. Misali in faɗinsa santimita 80 ne, abin da zai rufe maka bai wuce 68 ko 69 ba. Ɗakinka ta waje zai kai mita 4 da rabi, ka ƙara ɗan fitowa ta gefe, ka ga kana bukatar bakwai, ka sayi takwas don tsaro. Wanda 'yan kasuwa ke cewa amriki, mai faɗin kwari, ya fi faɗi, haɗinsa tudu ɗaya ne. Ko wanne ne ka tafi da tef ɗinka ka auna da kanka.

Tsawo kuma, da ƙafa ake sayarwa. Ƙafa 16 ta kama mita 4 da santimita 88. In wannan ya rufe maka daga sama har ƙasa ba haɗi, shi ya fi, domin kowace mahaɗa ƙofar yoyo ce. In dole sai ka haɗa gajeru biyu, na ƙasa ake fara bugawa, na sama ya hau kansa da santimita 15 zuwa 20, kuma mahaɗar ta faɗo daidai kan sanda.

Maganar kauri: akwai 0.20, akwai 0.25, 0.30, 0.35 na milimita. Siriri yana son sanduna kusa da kusa, kamar santimita 60 tsakani. Mai kauri zai ɗauki 90. Wato abin da ka rage a kwano za ka biya wani sashe a sanduna.

Uwar Biyu (Gadarif):
Kaurin nan a yi hattara. Maigidana ya sayo a wani shago aka ce masa 0.30 ne, da aka kawo gida mai bugawa ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu ya ce wannan ko 0.22 bai kai ba. Aka koma, mai shago ya rantse ya ce haka kamfani ya rubuta. Haka muka haƙura. Yanzu in kaza ta hau sai ka ji kamar za ta ɓurma.

Baba Kafinta (Maiurno):
'Yata, rubutu ba ya riƙe ruwa. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka danna tudun da babban yatsa. In ya lotsa bai dawo ba, ajiye shi.

Ɗan Karo (Madani):
Ni fa ina ganin ana wahalar da yaron nan. Ga tsohon zinki nan birjik a kasuwa, mai kaurin da ba a yin irinsa yanzu, rabin kuɗin sabo. Ramukan kusa kawai za ka toshe da kwalta. Me ya sa zai sayi sabo siriri?

Malam (Damazin):
Ɗan Karo, tsaya. Wannan zinkin da ya cika kasuwa birjik, daga ina ya fito? Kai da kake Madani ka fi ni sani. Mutane sun gudu sun bar gidajensu, da suka komo bayan Janairun 2025 wasu suka tarar ba ƙofa, ba taga, ba wayar wuta, wasu har rufin an ɗaye. Wanda ya sayi abin da ya san na sata ne, ko zuciyarsa ta fi karkata ga cewa na sata ne, ya yi tarayya da ɓarawon. Kuma a kan wa za a ɗora shi? A kan tsohuwar da za ta yi salla a ƙarƙashinsa, a gidan da aka sauki waɗanda aka yi wa irin wannan ɓarnar.

Ɗan Karo (Madani):
Allah ya gafarta Malam, ba duka ne na sata ba. Akwai wanda ya rushe rakubarsa, wato rumfarsa, ya sayar don ya ci abinci. Ni na yi dakon irinsu da yawa, a gabana mai gida ya karɓi kuɗinsa.

Malam (Damazin):
Wannan halal ne, ban hana ba. Ka san mai shi, ka saya a hannunsa. Wanda aka tara a bakin hanya ba a san asalinsa ba, ga fentin gidan wani a jiki, shi nake magana.

Autan Inna (Gadarif):
Malam, maganarka ta shige ni. Ƙanwar Inna mijinta ya je ya duba gidansu, hoton da ya turo ba ta iya kallonsa sau biyu ba. In na kawo tsohon zinki gidan nan kullum ta ɗaga kai sai ta yi tunanin ko nata ne. Sabo zan saya ko da siriri ne.

Baba Kafinta (Maiurno):
Madalla. Ko ta fuskar aiki ma tsoho yana da nasa ciwon kai, domin ramukansa ba za su faɗo kan sandunanka ba, kwaltar kuma rana na gasa ta tana tsagewa. Yanzu ga yadda za ka buga, ka karanta sau biyu.

Da farko ka tabbatar kusurwa ta miƙe. Auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗayan, tsakaninsu ya ba ka mita 1 cif. In kwanon farko ya karkace da faɗin yatsa, na bakwai zai karkace da tafin hannu, bakin rufin ya zama kamar haƙoran zarto. Ka ja zare a bakin ƙasa, kowane kwano ya taɓa zaren.

Ka duba bangon da ruwa ya fi duka, za ka gane shi don ya fi zaizayewa. Ka fara bugawa daga ɗaya gefen kana tahowa wajensa, yadda bakin kowane haɗi zai juya wa iska baya.

Kusa a kan tudu ake buga ta, ba a kwari ba. Kwari hanyar ruwa ce. Ka nemi kusa mai hula da roba, ta murɗaɗɗen jiki ta fi riƙo. Kada ka yi mata dukan kawo wuƙa har tudun ya lotsa, robar ta zauna kawai. A tsakiyar rufi kana iya tsallake tudu biyu, amma a layin sama da na ƙasa da gefuna ka buga tudu ɗaya ka tsallake ɗaya. A baki iska ke fara ɓamɓara. Kada kwano ya zarce sandar ƙarshe da fiye da tafin hannu yana reto.

In ka kuskure sanda, ka huda iska, kada ka cire kusar ka bar ramin. Toshe shi nan take, don gobe ba za ka gane wurin ba sai ruwa ya nuna maka.

Mai Walda (Kasala):
Ƙari ɗaya. Kada ka yanka kwano da injin dutse mai tartsatsi. Yana ƙone ruwan da aka shafa masa na hana tsatsa, tartsatsin kuma duk inda ya sauka sai ya bar ɗigon tsatsa. Almakashin kwano ya isa. In ka yi amfani da sukuru ka share garin ƙarfen kafin ka sauko.

Sai maganar rai, wadda ta fi duka. Kada ka ɗaga kwano ana iska, mai ƙafa 16 zai ɗauke ka kamar filafili. Ka dubi wayar wuta da ta ratsa kusa. Ka sa safar hannu. Ka taka kan layin kusa, ko ka shimfiɗa katako ka taka. Yara su bar tsakar gida gaba ɗaya, kwano in ya sulluɓo daga sama wuƙa ne. Ka fara bayan asuba, kafin ƙarfe goma ka sauko, in ba haka ba ƙarfen zai gasa maka gwiwa. In ka ji tsawa ko daga nesa ne, sauko.

Hajiya (Maiurno):
Duk kun yi maganar ruwa da iska, ba wanda ya tuna zafi. Ku maza da safe kuke ficewa, mu ke wuni a ɗaki. Ɗakin kwano a watan huɗu da na biyar tanda ne. Tsohuwa ta saba da guttiya mai sanyi, ku sa ta cikin gwangwani? Ni da aka yi mini nawa sai da na koma kwana a rakuba. In ruwa ya sauko kuma ko rediyo ba ka ji.

Yayan Auta (Jidda):
Hajiya, ina gaisuwa. Ni ne na turo kuɗin, ina karantawa tun ɗazu daga wurin aiki. A nan Saudiyya akwai wani kwano mai soso a tsakiya, ƙarfe sama ƙarfe ƙasa, da shi ake rufe ɗakunan saman bene da rumbunan kaya. Yana tare zafi sosai. Amma kuɗinsa ba na irinmu ba ne, ko a nan. Auta, ka ji abin da Hajiya ta ce. In Allah ya kai mu ƙarshen wata zan ƙaro wani abu don silin.

Uwar Biyu (Gadarif):
Mu laka da ciyawa muka shimfiɗa a saman namu, ya yi sanyi kam.

Baba Kafinta (Maiurno):
Ya yi sanyi bana, 'yata, baɗi ko wata shekara zai ruɓe. Laka tana riƙe damshi a jikin kwano, tsatsa ta ci shi ta inda ba kya gani. Sanyi daga ƙasa ake nemansa. Ka ɗaure gora ko waya a ƙarƙashin sanduna, ka shimfiɗa tabarmar kaba ko zana, ka bar tazara kamar taƙi ɗaya tsakaninta da kwano. Ka bar ƙananan ramuka a saman dogon bangon da kuma a gajeren, ka sa musu raga saboda tsuntsu da jemage. Iska mai zafi sama take hawa, ta fice ta can. Ƙarar ruwan ma tabarmar na rage ta. Daga baya in an samu hali a shafa wa saman farin fenti.

Ɗalibin Injiniya (Bur Sudan):
Fenti fa, ba farar ƙasa ta jir ba. Jir yana cin ruwan da ke jikin zinki, haka ma ɗanyen siminti. Shi ya sa in za a danne gefunan da bulo kamar yadda ake yi a nan, gara a fara shafa wa wurin kwalta.

Wani abu kuma da mutanen Gadarif za su fi kowa ganewa. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufinka zai kai murabba'in mita 22. Ruwa ɗaya mai milimita 20 zai ba ka sama da lita 400, barmil biyu ke nan, wato ganga biyu. Ka sa indararo ka tara, ka bar na farko ya wanke ƙura ya zube. Kuma wannan zai hana ruwan zuba a gindin bango. Baƙar ƙasar Gadarif in ta sha ruwa kumbura take, in ta bushe ta dare, ita ke tsaga gine-gine.

Uwar Biyu (Gadarif):
Wallahi wannan ita ce maganar da ta fi yi mini daɗi yau. Kuɗin da muke ba masu karo, wato amalanken sayar da ruwa, Allah kaɗai ya sani.

Mai Walda (Kasala):
Har yanzu ina kan bakana, a samu wanda ya taɓa yi ya tsaya a kai ko na yini ɗaya ne. Karatu a waya daban, tsayuwa a kan bango daban.

Hajiya (Maiurno):
To ai ba sai an biya ba. Ina gayya? Abin da maƙwabtanmu ke cewa nafir. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka faɗa a masallaci bayan isha'i, a dama kunu a dafa shayi, za ka ga mutane. A cikinsu ba za a rasa wanda ya taɓa hawa rufi ba.

Autan Inna (Gadarif):
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana goma sha ɗaya. An rufe ɗakin Inna.

Na bi shawarar Hajiya na faɗa a masallaci. Mutum shida suka zo, cikinsu har da wani dattijo da ya yi aikin gini a Hartum kafin yaƙi ya koro shi, ban ma san sana'arsa ke nan ba, kullum a sahu ɗaya muke salla. Bai hau ba saboda gwiwa, ya zauna a kan kujera da sandarsa yana nuni. Mai Walda, ka ci gari, domin ba don shi ba da na yi ɓarna: na riga na ɗora kwanon farko ta gefen da bai kamata ba, ya daka mini tsawa na sauke.

Bangon mun ƙara santimita 60, bulon ya ƙare a nan. Katako na saya, na shafe da baƙin mai, har yau ɗakin na warinsa, Inna na ta mita. Kwano 0.25 guda takwas, ɗaya ya ragu. Waya kuwa Baba, na ɗaure har dattijon ya ce ko raƙumi zan ɗaure ya isa haka. Na kuskure sanda sau uku, na toshe biyu, na ukun na neme shi na rasa. Safar hannu na cire don zufa, minti biyar ba a yi ba gefen kwano ya tsaga mini tafi, ɗinki huɗu, kwana uku ban ja raksha ba.

Shekaranjiya da la'asar hadari ya haɗo da iska mai ƙarfi, rakubar maƙwabcinmu ta kwanta. Na tsaya a tsakar gida cikin ruwa ina kallon rufin, ƙirjina na dukan uku-uku. Bai motsa ba. Ramin nan na uku ya bayyana kansa, daidai saitin inda Inna ke ajiye buhun dawa. Na sa masa alama da gawayi ta ciki.

Indararo ban samu saya ba tukuna. Baba, wannan kwanon da ya ragu, in na tsaga shi biyu a tsaye na lanƙwasa, zai yi?

Baba Kafinta (Maiurno):
Zai yi. Ka karkata shi kaɗan wajen barmil, ka rataye da waya duk rabin mita. Wannan karon ka bar safar a hannunka. Ka gaishe mini da Inna.